Zama Wuri Ɗaya Tsautsayi: Gudan Jini Daga Ƙafa Zuwa Huhu

Jawabin da Kwamitin Jin Daɗin Malamai ya gabatar a taron reshe na watan Oktoba, a Tudun Wada, Zariya. An buga shi kamar yadda aka karanta, bisa roƙon mahalarta.



Ranar 5 ga wannan wata muka yi bikin Ranar Malamai ta Duniya. Ranar 13 ga wata kuma akwai wata ranar da kaɗan daga cikinmu suka taɓa jin labarinta, wato ranar faɗakarwa a kan daskarewar jini, wadda ake yi a duniya tun 2014. A al'ada, in kwamitin nan ya tsaya a gabanku, lissafi yake karantawa: nawa aka kai wurin suna, nawa aka kai wurin ta'aziyya. Yau mun roƙi shugaba ya ƙara mana lokaci, domin akwai wata ta'aziyya da muka je bara wadda har yanzu ba ta bar zukatanmu ba.

Ba za mu ambaci sunan mamacin ba, bisa roƙon iyalinsa. Malamin lissafi ne, shekararsa 52, mai ɗan jiki, mai barkwanci, wanda ba mu taɓa jin an kwantar da shi a asibiti ba. A dogon hutu ya karɓi aikin makin takardun jarrabawar kammala sakandare, kamar yadda da yawanmu kan yi don a sami na cefane. Ya yi kusan mako biyu a kan benci, daga safe har dare, ba ya tashi sai salla. Yana miƙa takardun ya hau motar dare zuwa Legas saboda wata matsala ta ɗansa, ya kwana biyu ya juyo, a kujerar baya, buhu a ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwoyi a ƙirji.

Ranar Litinin da aka koma makaranta ya shigo ofishin malamai yana ɗingishi. Ya ɗage wando ya nuna mana. Sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi tauri, tana sheƙi, in an taɓa da ɗumi. Ta dama kuwa lafiya lau. Mu da ke wurin, kowa ya ba da tasa fatawar. Wani ya ce gajiyar mota ce. Wani ya ce sanyi ne ya sauka. Wani ya ciro man zafi daga durowarsa, ya durƙusa ya murza masa da ƙarfi, don zumunci. Wani ya ce mataccen jini ne, a je wanzami ya kafa ƙaho. Wata ta rage murya ta ce ko dai ya taka wani abu ne a hanya. Shi kuma ya bi abin da zai iya bi: aka yi ƙahon, aka yi masa allurar kashe zafi a kemis.

Ranar Laraba muka lura yana haki in ya hau matakala ukun da ke bakin aji. Ya ce ƙirjinsa na sukarsa in ya ja numfashi, ya ce zazzaɓi ne ke son kama shi. Ranar Alhamis da hantsi, yana tsakiyar rubutu a allo, ya dafa tebur ya sulale ƙasa. Muka sa shi a motar ɗayanmu. Kafin a kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Da la'asar muka raka shi makwancinsa.

A wurin zaman makoki, magana ɗaya ke yawo a bakin kowa: mutuwar fuju'a. Amma likitan da ya karɓe mu ya zaunar da biyu daga cikinmu ya yi mana tambayoyi, tun daga makin takardu har zuwa kumburin ƙafa. Ya ce tun da ba a yi binciken gawa ba, ba zai yanke hukunci ba, sai dai duk alamu sun nuna gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe hanyar jini a huhu. Sannan ya ce da ranar Litinin aka kawo shi, da akwai abin yi.

Mun yarda cewa kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi. Mun kuma yarda cewa neman magani wajibi ne a kan mai rai. Abin da ke damunmu shi ne, mutum bakwai masu takardun shaidar ilimi, har da mai koyar da ilimin halittu, muka kalli ƙafar nan kwana huɗu ba mu karanta abin da ke rubuce a jikinta ba. Mu ba likitoci ba ne. Abin da za mu faɗa yau mun tattaro shi ne daga likitoci da ma'aikatan jinya da muka zauna da su, da kuma karatun da muka yi a cikin shekarar nan.

Daskarewar jini a asalinta rahama ce. In yaro ya yanke da reza wajen fiƙe fensir, jinin kan zuba na ɗan lokaci ya tsaya, domin ya daskare ya toshe bakin raunin. Matsala takan taso ne idan jini ya daskare a cikin manyan jijiyoyin da ke can ciki tsakanin tsokoki, galibi a sha-raɓa ko cinya ko ƙugu. Waɗannan su ne jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, daga ƙafa zuwa zuciya kuwa hawa ne. Abin da ke tura jinin sama shi ne tsokar sha-raɓa. Duk takun da muka yi, tsokar takan matse jijiyar kamar yadda ake matse tiyo, wasu 'yan ƙyamare da ke cikin jijiyar kuma su hana jinin komawa ƙasa. In ƙafa ta daɗe ba ta motsa ba, jinin sai ya kwanta, kwantaccen jini kuwa shi ke saurin zama guda.

Muddin gudan yana manne a ƙafa, abin da za a gani shi ne kumburi da ciwo. Haɗarin yana ranar da wani yanki ya ɓalle. Daga nan zai bi jijiyar da ke ƙara faɗi har ya faɗa ɓangaren dama na zuciya, zuciya kuma ta harba shi cikin babbar jijiyar da ke kai jini huhu. Ita wannan jijiya kamar bishiya take: gindi ya rabu biyu, rassa su yi ta rabuwa suna ƙara sirancewa. Gudan zai yi ta tafiya har ya iso inda ya fi ƙarfin hanya, sai ya cije. Zuciyar babban mutum, ko yana zaune, tana tura kimanin lita 5 na jini a kowane minti, kuma babu ɗigon da zai koma jiki sai ya ratsa huhu ya ɗauko iska. Ku ƙaddara babu wata hanya tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari sai gadar Kubanni, sannan tirela ta faɗi a kanta ta gilma. Ƙaramin guda yakan toshe ƙaramin reshe, ya jawo haki da sukar ƙirji. Babba kuwa, in ya zauna a mararrabar gindin, zuciya takan yi ta turi har ta gaza, mutum ya faɗi cikin 'yan mintoci.

Mu lura da abu ɗaya a nan. Hanyar iska a buɗe take, hanyar jini ce ta toshe. Shi ya sa ana iya sa abin sauraro a ƙirjin mara lafiya a ji shi wasai, a ɗauki hoton ƙirji na yau da kullum a ga babu wani abin kirki, alhali mutum na cikin haɗari.

Wanda ya fara bayyana wannan tafiya daga ƙafa zuwa huhu wani likita ne Bajamushe, Rudolf Virchow, a rubuce-rubucensa da aka tattara a 1856. An haife shi ranar 13 ga Oktoban 1821, dalilin zaɓen wannan rana ke nan. Har yau ɗaliban likitanci suna haddace abubuwa uku da ake jingina wa sunansa, waɗanda ke sa jini ya daskare a jijiya: tafiyar jini ta yi sanyi, ko bangon jijiya ya ji rauni, ko shi jinin kansa ya ƙara saurin daskarewa. Bari mu ɗauki ukun nan mu auna su da rayuwarmu.

Na farko, rashin motsi. A 1940, lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, wani likitan binciken gawa mai suna Keith Simpson ya lura mutuwa daga wannan cuta ta ƙaru ƙwarai a tsakanin mutanen da ke kwana a zaune a maɓoya, a kan kujerun da katakonsu ke danne bayan gwiwa. Da aka samar da gadaje, mace-macen suka ragu. A 2007 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tafiyar awa 4 ko fiye a zaune, a jirgi ko a mota, takan ninka haɗarin kusan sau biyu, ko da yake ga mai lafiya haɗarin ƙarami ne, kimanin mutum 1 cikin 6,000. To, mu tambayi kanmu awa nawa ne daga Zariya zuwa Legas ko Fatakwal. Mu tuna da alhazanmu, da zaman sansani, da zaman jirgi, da zaman motocin Makka da Madina. Mu tuna da makin takardu, da cike katin sakamakon ɗalibai 90 ko 100 a aji ɗaya, da dogon zaman jiran tantancewa. Bahaushe ya riga ya faɗa: zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Amma kada mu fita daga nan da tunanin cewa benci da mota su ne manyan masu laifi. Kwanciyar jinya ta fi su nesa ba kusa ba. Ƙungiyar masana da ke shirya ranar 13 ga Oktoba tana cewa har zuwa kashi 60 cikin 100 na masu wannan matsala sukan same ta ne suna kwance a asibiti ko bayan an sallame su. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, da tsohon da ya yi makonni bai sauko daga gado ba, duk suna ciki.

Na biyu, raunin jijiya. Nan ne tiyata ke shigowa, musamman ta ciki da ta ƙugu da ta gwiwa, da kuma karaya. Malamai nawa ne a cikinmu ke zuwa aiki a babur? In aka sami karaya a cinya ko ƙwauri, aka kai mutum wurin mai ɗori, aka ɗaure ƙafar da karare aka ce kada ya motsa har mako shida, an haɗa masa biyu daga cikin ukun Virchow a lokaci guda, kuma babu wanda zai ba shi maganin kariya.

Na uku, jini mai saurin daskarewa. Ciwon daji yana sa haka. Cutar sikila, wadda babu unguwar da ba ta taɓa ba a ƙasar nan, tana sa haka. Tarin fuka da sauran cututtuka masu tsanani suna sa haka, kuma a 2020 likitocin duniya sun ga yadda korona ke daskarar da jini a huhun marasa lafiya. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu ɗauke da sinadarin istirojin suna ƙara haɗarin, musamman ga mai ƙiba ko mai shan taba, don haka a tattauna da ma'aikaciyar lafiya kafin a zaɓi wanda za a sha. Yawan shekaru da ƙiba suna ƙarawa. Akwai kuma na gado: in an taɓa samun irin wannan a gidanku, ko kai ka taɓa yi, likita na bukatar ya sani. Yawanci ba dalili ɗaya ke kayar da mutum ba, sai sun taru. A wurin ɗan uwanmu, shekaru da jiki da benci da mota ne suka haɗu.

'Yan uwa malamai mata, da ku maza masu iyali, wannan ɓangaren naku ne musamman. Juna biyu kan sa jinin mace ya ƙara saurin daskarewa, shiri ne na jiki don kada ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa. Ga kuma nauyin ciki yana danne jijiyoyin ƙugu. Masana sun ce haɗarin yakan kai kusan ninki biyar a kan na macen da ba ta da ciki, kuma ya fi tsanani a mako shidan farko bayan haihuwa, balle in an yi mata aiki aka ciro jaririn. Mako shida kwana 42 ke nan. Ashe kwana arba'in ɗin nan da iyayenmu suka keɓe wa mai jego, su ne daidai kwanakin da ya kamata a fi sa mata ido. Hutu hakkinta ne, amma hutun ya haɗa da tashi da zagaya tsakar gida da shan ruwa isasshe.

Zariya tana da tarihi a littattafan likitanci a kan hakin mai jego. A shekarun 1970, likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun yi nazarin gazawar zuciya da ke kama mata bayan haihuwa a wannan yanki, lokacin asibitin yana nan Tudun Wada, suka wallafa shi a 1978. Sun danganta yawanta da kunun kanwa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Wannan cuta daban take da gudan jini, amma dukansu da haki suke zuwa, kuma zuciyar da ta raunana ita ma tana tara gudaji. Babu kakar da za ta iya bambance su da ido, komai yawan jegon da ta gani. Saboda haka hukuncin ɗaya ne: mai jego in tana haki, asibiti.

Kada a ɗauka cutar talaka ce ko ta marasa motsa jiki. Serena Williams, 'yar wasan tanis ta Amurka wadda ta ci manyan kofuna 23, ta kamu da ita a 2011. A watan Satumban 2017, kwana ɗaya bayan an yi mata aikin haihuwa, ta ji numfashinta na sarƙewa. Ta gaya wa ma'aikaciyar jinya cewa tana bukatar hoton huhu da maganin tsinka jini. Da farko aka ɗauka maganin kashe zafi ne ya ruɗa ta. Ta nace, aka yi hoton, aka ga gudaji a huhunta. Sanin alamun da nacewa su suka tsirar da ita. Akwai lokacin da wasu likitocin Turai suka ɗauka cutar ba ta cika kama 'yan Afirka ba. Binciken gawawwaki da aka yi daga baya a asibitocin ƙasar nan, kamar Asibitin Koyarwa na Ibadan, ya nuna tana nan tare da mu. A wajenmu da ake binne mamaci a ranar da ya rasu, yawancin irin wannan mutuwa sunan fuju'a ko hawan jini take tafiya da shi.

To mene ne alamun? A ƙafa: kumburi a ƙafa ɗaya, ciwo ko nauyi a sha-raɓa ko cinya, ɗumi, da sauyin launin fata. Kalmar da za mu riƙe ita ce ɗaya. Kumburin ƙafa biyu yakan nuna wata matsalar, ta zuciya ko ƙoda ko hanta, ita ma ta asibiti ce, amma ƙafa ɗaya da ta fi 'yar uwarta ba tare da an buge ba, a tuhumi gudan jini. Ana iya aunawa da tef ɗin tela a wuri ɗaya a ƙafafun biyu. Bambancin da ya wuce santimita 3 likitoci kan ɗauke shi da muhimmanci, ko da yake wanda bai kai haka ba ma bai wanke mutum ba. A ƙirji kuma: haki da ya zo ba dalili, sukar ƙirji da ke ƙaruwa in an ja numfashi, bugun zuciya da sauri, tari wani lokaci da jini, jiri ko suma.

Kowace daga cikin alamun nan tana da sunan da muka saba laƙaba mata. Haki mu ce asma. Sukar ƙirji mu ce namoniya ko gyambon ciki. Tari da jini mu ce tarin fuka. Jiri mu ce shawara ko rashin jini. Abin da zai fid da mu shi ne mu haɗa alamar da labarin mutum: ya yi doguwar tafiya? An yi masa aiki? Ya karye? Ta haihu kwanan nan? Ya daɗe a kwance? Gaskiya kuma ita ce, kusan rabin masu guda a ƙafa ba sa ganin wata alama, kuma akwai waɗanda faɗuwa ce alamarsu ta farko. Waɗannan sai kariya tun daga tushe. Amma wanda jikinsa ya yi masa gargaɗi, kamar ɗan uwanmu, kada gargaɗin ya tafi a banza.

In an ga haka, abubuwa uku ne ba a yi. Ba a tausa, domin murza ƙafar na iya ɓalle gudan. Ɗan uwanmu da ya durƙusa ya shafa man zafi da kyakkyawar niyya ya roƙe mu mu faɗi wannan da babbar murya. Ba a ƙaho ko tsaga, domin jinin da ƙaho ke zuƙowa na ƙarƙashin fata ne, gudan kuwa yana can cikin tsoka inda ƙaho ba ya kaiwa. Ba a kuma jira gari ya waye ko albashi ya shigo. Mun san cewa tun da Asibitin Koyarwa ya koma mazauninsa na Shika a 2005, tafiyar ta ƙara nisa ga mutanen Tudun Wada, sai an bi ta Kwangila da Samaru. Wannan dalili ne na tashi da wuri. In numfashi ya riga ya sarƙe, a nufi asibiti mafi kusa mai likita, kada a bar mara lafiya ya taka da ƙafarsa, kuma a faɗa wa likita kai tsaye: muna tsoron gudan jini ne, ga dalilinmu.

A asibiti za a auna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. Ana iya duba jijiyar ƙafa da irin na'urar sikanin da ake duba masu juna biyu da ita, a yi wani gwajin jini da ake kira Di-daima, in ta kama kuma a ɗauki hoton jijiyoyin huhu da na'urar CT. Maganin shi ne abin da muke kira mai tsinka jini. Aikinsa shi ne ya hana gudan girma, ya hana sabo fitowa, har jiki ya narkar da tsohon da kansa. Akwai allurar hefarin, akwai ƙwayar wafarin da aka fara ba mutane a 1954, akwai kuma sababbin ƙwayoyi irin su ribarokzaban, waɗanda ba sa bukatar yawan gwaji amma sun fi tsada. A 1960 wasu likitoci biyu a birnin Biristol na Ingila suka gwada: cikin mutum 19 da ba a ba maganin ba, 5 suka mutu da cutar, cikin 16 da aka ba, babu wanda ta kashe. Tun daga nan magana ta ƙare a kan amfaninsa.

Ana shan maganin aƙalla wata uku, wasu fiye, wasu har ƙarshen rayuwa. Yana da sharuɗɗa. Ba a sayensa a kemis da ka, ba a kuma dainawa don an ji sauƙi. Mai shan sa ba ya ƙaho, ba ya cire haƙori sai ya sanar, ba ya haɗa shi da asfirin ko magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak, ko jiƙe-jiƙen gargajiya, sai da izinin likita, domin jini na iya ɓallewa. Mai shan wafarin yana bukatar gwajin jini a kai a kai, kuma kada ya sauya yawan ganyen da yake ci, irin su zogale da alayyahu, farat ɗaya. Mai juna biyu allura ake yi mata. Mai shayarwa kuma tana iya karɓar hefarin ko wafarin ta ci gaba da ba ɗanta nono.

Ba mu so mu bar ku da labarin mutuwa kaɗai. Wata biyar bayan rasuwar ɗan uwanmu, mata uku daga wannan kwamiti suka je barka gidan iyayen wata malamar firamare da aka yi wa aikin haihuwa. Kwananta 12. Suka tarar tana ba jariri nono tana tsayawa tana mayar da numfashi, magana ma sai ta yanka ta biyu. Suka roƙa ta nuna musu ƙafafunta. Cinyar hagu ta kusa ninka ta dama. Kakarta ta ce, "'Ya'yan nan, jego ne bai karɓe ta ba, gobe za a ƙara zafin ruwa." Babbarsu ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi mana arziki, mu kai ta a duba, in babu komai mu dawo miki da ita kafin magariba." Aka kira mijin a waya. Ba ta dawo kafin magariba ba, sai bayan kwana tara. Yau tana zaune a cikin ɗakin nan, ɗanta a bayanta, kuma ita ta ce mu ba da labarin.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari biyar.

Na ɗaya, a duk wurin da malamanmu ke makin takardu ko cike sakamako, mu mayar da shi ɗabi'a a tashi a taka na 'yan mintoci bayan kowace awa, a kuma ajiye ruwan sha kusa. A doguwar tafiya, duk inda mota ta tsaya a sauka a taka. In babu halin sauka, a riƙa ɗaga dunduniya da yatsun ƙafa ana saukewa, kada a cusa kaya a inda ƙafa za ta miƙe.

Na biyu, duk wanda za a kwantar ko za a yi wa aiki, shi ko mai jinyarsa ya tambayi likita: ina cikin haɗarin gudan jini, kuma wace kariya za a ba ni? Akwai allurar kariya, akwai safar matsi, akwai tayar da mara lafiya ya fara takawa da wuri. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Na uku, duk tawagar da reshe ya tura dubiya ko barka, ta ƙara tambaya uku a kan gaisuwa: ana tashi ana takawa? Ƙafa ɗaya ta kumbura? Yaya numfashi?

Na huɗu, a keɓe wani kaso na asusun jin daɗi don rancen gaggawa da za a iya fitarwa a rana ɗaya, da sa hannun mutum biyu, domin kuɗin hoto da allurar farko. Muna kuma roƙon shugabanni su nemo mana bayani a rubuce daga hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, a kan ko tsarin ya ɗauki waɗannan gwaje-gwaje da magunguna, kowane malami kuma ya tabbatar da rajistarsa tun yana da lafiya.

Na biyar, muna roƙon shugabannin makarantu, in malami ya zo da kumburin ƙafa ko haki ya nemi izinin zuwa asibiti, a sallame shi nan take, a haɗa shi da mai raka shi. Masu koyar da ilimin halittu da kiwon lafiya kuma, in kun zo darasin zagayawar jini, ku ƙara minti goma ku faɗi abin da kuka ji yau. Kowane ɗalibi gida zai koma, kuma a gidan akwai tsoho, akwai mai jego, akwai matafiyi.

Shugaba, mun ajiye waɗannan shawarwari a gabanka domin taro ya tattauna ya yanke. Ɗan uwanmu ya bar mata da 'ya'ya shida, kuma har yanzu hakkokinsa na aiki ba su gama fitowa ba. Sakatare zai yi bayani a kan inda aka kwana bayan wannan jawabi. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan sauran malamanmu da suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.